Ƙaho da Hayaƙi a Birnin Gawasa

A zamanin Sarki Bagudu, wanda ya gaji sarautar Gawasa daga ƙanen ubansa, an yi wata fitina da har yau tsofaffin ƙasar ba sa son a tayar da zancenta a bakin akushi. Ganuwa ba ta tsage ba, ƙofa ba ta karye ba. Birnin ne ya tashi ya kama kansa da duka, kuma kowa a cikinsa yana rantsuwa aikinsa yake yi. Wanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya shi ne Nomau, Sarkin Ƙaho.

Bari in faɗa muku yadda tsaron Gawasa yake, in ba haka ba ba za ku gane wautar ba. Duk ɗan gari yana shafa farar ƙasa a goshi, kowane gida kuma da zanenta a saman ƙofa. Ita ce shaidar na gida. A kan ganuwa da bakin lunguna akwai masu ƙaho, yaran Nomau, kowanne da ƙahon ɓauna a wuya da gorar shuni a kugu. In suka ga goshi ko ƙofa babu fari, sai su watsa shuni su busa. Ƙaho kuwa kiran 'Yan Farar Riga ne, dakarun Barde Arzika, samari masu zafin kai da ba kasafai suke kaiwa furfura ba. Inda ƙaho ya yi kuka nan suke nufa a guje. Ba sa tambayar suna, ba sa tambayar asali, abin da ya yi shuɗi shi suke sara. Su jefa raga su kama mai gudu, sannan su turnuƙa hayaƙin barkono da ɗanyar ciyawa don na ɓoye ya fito.

Tun kakan kakan sarki aka ɗaure ɓangarorin biyu da rantsuwa, bayan wata shekara da masu ƙaho suka busa sau ɗaya suka yi shiru, dakaru suka ɗauka wasa ne, maƙiya suka kwashe rabin gari. Aka rantsar da 'Yan Farar Riga cewa ba su zare takobi sai da ƙaho, in kuwa sun ji shi dole su je, dole su tayar da hayaƙi. Aka rantsar da masu ƙaho cewa duk inda suka ga hayaƙin nan, dole su matsa kusa su sake busawa. Wanda ya karya, a bakin ransa. Muddin ƙaho na kuka kuma ƙofofin birni a rufe suke, ba mai fita sai dakarun da ke bin kiran.

Magabata ba wawaye ba ne, sun bar mai kashe wutar. Akwai Magajiyar Ruwa da matanta, masu bin bayan dakaru da tuluna, su wanke ƙofofi, su sake shafa farar ƙasa, su yayyafa wa ciyawar ruwa har hayaƙi ya mutu, ƙaho ya yi shiru. To, ana saura damina ɗaya a yi wannan fitina, Galadima Cindo, wanda Magajiya ta taɓa kunyatawa a gaban fada, ya yi ta hura wa sarki kunne wai mai wanke shuni maƙiyi take wankewa. Aka tuɓe ta, aka kai ta wani ƙauye can bayan kogi, aka farfasa tulunan. Fadawa suka yi ta cewa an ƙara tsaro.

Da kaka ta yi, Sarkin Tsauni, tsohon abokin gabar Gawasa, ya turo wasu 'yan tsirarun mutane cikin shigar fataken gishiri. Suka shiga Unguwar Masaƙa ranar kasuwa. Wani mai ƙaho ya lura goshinsu wayam, ya watsa musu shuni ya busa. 'Yan Farar Riga suka zo kamar an ɓalle su daga turke, kafin rana ta take tsaka sun gama da baƙin kaf. Da a nan aka tsaya, da yau waƙar nasara ake yi.

Amma an riga an tayar da hayaƙi. Hayaƙi ya bi lungu ya dafe ƙofofi, zanen farar ƙasa ya koma baƙi ƙirin. Masu ƙaho suka matso bisa rantsuwa, suka duba, ga ƙofofi babu fari. Suka watsa shuni, suka busa. Wasu dakarun suka iso, suka ga shuɗi, suka fasa gidajen, suka ƙara hayaƙi. Mutanen ciki suka fito suna tari, gumi da baƙin hayaƙi sun share musu goshi, aka watsa musu shuni su ma. Haka lungu ya miƙa wa lungu. Kwana da kwanaki ana abu ɗaya, babu Batsaune ko ɗaya da ya rage a birni, amma Unguwar Masaƙa tana ci kamar busasshen kara.

A ƙarshen unguwar nan, inda gidaje suka jingina da ganuwa kusa da Ƙofar Masaƙa, nan gidan Inna Tabawa yake, mahaifiyar Nomau. Bayanta ganuwa, gabanta wuta, kuma kullum wutar ƙara matsowa take.

Nomau ya bi ta kan ganuwa da hantsi ya sauka gidan da igiya. Ya tarar da ita a ƙofar ɗaki, mazari a gefe, ƙafarta ta dama miƙe a kan kujerar tsuguno. Ƙafar ta kumbura har ta fi cinyarta kauri, ta yi ja tana sheƙi. Ya durƙusa ya gaishe ta.

“Auta,” in ji ta, don ita sarautarsa ba ta taɓa shiga bakinta ba, “kai ne kake hana mu barci da wannan kukan?”

“Yarana ne, Inna.”

“Yaranka ai bakinka ne.”

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ya zo ne ya fitar da ita, ya goya ta ya hau igiya da ita. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ya ɗan taɓa ƙafar kuwa dariyar ta ɗauke, ta cije leɓe, gumi ya karyo mata. Ya ji zafin fatar a tafin hannunsa kamar ya dafa gefen tukunya. Ko iska ce ta taɓa wurin sai ta yi ƙara, balle a ɗaure ta da igiya a ja ta sama. In kuma ta lungu aka bi da ita, hayaƙi zai share mata goshi kafin a kai rabi, kuma yaransa ne za su fara watsa mata shuni.

“Ƙayar aduwa ce fa,” ta ce, tana kallon ƙafar kamar ta wani. “Ba ta kai tsinken sakace ba. Wanzami ya cire ta tuntuni, na gan ta da idona. Amma ƙafar nan ba ta sami labari ba. Kullum ƙara zafi, ƙara tara mugunya, faɗa take da abin da ba ya nan. Yanzu ni take ci.”

Maganar ta zauna wa Nomau a ƙirji. Ta nuna masa bango da baki. Can a rataye akwai tsohon ƙahon ubansa, wanda ya tsage a baki tun Nomau yana yaro aka yar da shi. Ita ta tsince shi ta toshe ƙaramin bakin da auduga, ta mayar da shi ma'ajiyar farar ƙasarta. Ya ɗauko mata, ta sa ya kwaɓa ya ƙara wa zanen ƙofar gida kauri. Yana yi yana jin tokar gidajen maƙwabta tana sauka a kan rawaninsa.

“Je ka gaya wa sarki,” ta ce. “Ko shi ma bai sami labari ba?”

A fada kuwa hankali ya tashi tun safe, don ruwan da aka jawo daga rijiyar sarki ya fito da shuɗi-shuɗi, kuma ungulaye sun jeru a kan zankayen ƙofar fada sun ƙi tashi ko an jefe su. Sarki Bagudu ya zauna a soron shawara, idonsa ya yi zuru-zuru. Galadima Cindo na damansa, sauran masu sarauta sun zauna bisa matsayi. Ko a nan warin barkono yana shigowa, manya suna ta kare hanci da bakin rawani.

Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, aka ba shi izini.

“Allah ya ja zamanin Zaki. Na zo da maganar da ba ta da daɗi, kuma da bakina na Sarkin Ƙaho zan faɗe ta. Maƙiyan da suka shigo sun mutu tun ranar farko. Tun daga nan, duk ƙofar da yarana suka shafa wa shuni ta ɗan Gawasa ce, duk wuyan da yaran Barde suka sara na ɗan Gawasa ne. Hayaƙinsu ke ɓata mana farar ƙasa, mu kuma ƙahonmu ke kiran hayaƙinsu. Ina roƙon Zaki ya ba da umarni a yi shiru na yini ɗaya. In akwai Batsaune a cikin birni bayan nan, ga wuyana.”

Galadima ya gyara zama, ya shafa gemu da hannunsa mai yatsa shida. Mutum ne mai sanyin murya, irin waɗanda ba sa ɗaga harshe sai dai su ɗaga kan wani daga kafaɗarsa.

“Allah ya ba Zaki nasara, ya ƙara wa gadon Gawasa ƙarfi. Na ji Sarkin Ƙaho, kuma na tausaya masa, don kowa ya san gidan da ke ƙarshen Unguwar Masaƙa. Uwa ba abin wasa ba ce. Amma ina da tambaya. Wa ya ƙirga Tsaunawan da suka shigo, har ya san sun ƙare? Ƙofar da babu fari, wa ya leƙa bayanta ya ga ba kowa? Kakanninmu sun taɓa yin shiru na yini ɗaya, kuma har yau akwai 'ya'yan Gawasa da ke daka hatsi a gidajen Tsauni saboda shirun nan. Abu ɗaya Sarkin Tsauni yake roƙo a yau, shi ne ƙahon Gawasa ya mutu. Sai ga shi mun ji roƙon a cikin soron nan.”

Soro ya ɗauki guna-guni. Nomau ya ji jini ya hau masa kai, amma ya danne.

“Ranka ya daɗe Galadima, da matan tuluna suna nan da ba mu kai haka ba. A aika a dawo da Magajiyar Ruwa.”

“Ta wace ƙofa manzon zai fita,” in ji Galadima a hankali, “alhali ƙahonka ya rufe su duka?”

Nan kowa ya juya ga sarki. Bagudu ya yi magana, murya a dushe.

“Sarkin Ƙaho, ka ɗauka ban ji warin ba? Masaƙan nan su suka saƙa rigar da ke jikina. Amma ranar da aka naɗa ni, na dafa kabarin kakan kakana na rantse ba zan kwance abin da ya ɗaura ba. Sarkin da ya ce ƙaho ya yi shiru alhali hayaƙi na tashi, masu zaɓen sarki su tuɓe shi kafin rana ta faɗi, kuma wanda zai hau ba zai fara da karya rantsuwa ba. Igiyar da ta ɗaure ka ita ta ɗaure ni. In hayaƙi ya mutu, ƙaho ya yi shiru da kansa. Je ka wurin Barde.”

Nomau ya tafi wurin Barde. Ya same shi a tsakiyar unguwar, zaune a kan kifaffen turmi, farar rigarsa ta koma kalar toka. Su biyun tare aka yi musu shayi, tare suka yi kiwon awaki, amma da ƙyar Nomau ya gane shi. Gefen lungu kuwa ga yaran Barde nan kwance birjik, wasu hayaƙinsu ne ya shaƙe su, wasu ragarsu ce ta harɗe su wuta ta cim musu. An tara su wuri ɗaya, fari a kan fari, ƙuda na bi.

“Barde, ka kashe hayaƙin nan, yarana su yi shiru.”

Arzika ya ɗago jajayen idanu. “Ka sa yaranka su yi shiru, in kashe hayaƙi.”

“Ba su iya shiru suna ganin hayaƙi.”

“Nawa ba su iya zama suna jin ƙaho.” Ya yi tari mai tsawo ya tofar da baƙin yawu. “Jiya na sari ɗan ƙanwata, Nomau. Ya fito da shuni a ƙirji yana kiran kawu, kawu. Hannuna ya riga kunnena. Kada ka zo mini da roƙo. In kana da abin yi, yi shi, amma ni ba zan zama farkon wanda ya karya ba, in yaron nan ya mutu a banza to ni mene ne?”

Yana rufe baki ƙaho ya sake tashi daga lungun gaba, wasu samari suka wuce su a guje da dammunan ciyawa. Nomau ya bi su da ido. Lungun da suka shiga, daga shi sai na Inna Tabawa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a fagen fama, ya ji kamar ya zauna a ƙasa ya yi kuka.

Akwai wata al'ada ta masu ƙaho. In ƙaho ya sha busa ya bushe, muryarsa ta dushe, Sarkin Ƙaho yakan tara su a shafe su da man shanu, a mayar wa kowa nasa nan take. Rantsuwa ba ta hana wannan ba, don gyaran kayan aiki ne. Nomau ya aika kowace kusurwa cewa a kawo ƙahoni a shafa musu mai, har na kan ganuwa, kada a bar ko ɗaya. Yaran ba su yi musu ba, leɓunansu duk sun tsattsage, sun ma ji daɗin samun numfashi. Suka zuba su a babban kwando a gabansa, shi ma ya cire nasa ya ɗora a kai.

Kusa da su akwai rumfar wani masaƙi tana ci da wuta, jinka ta rufta, tsakiya ta yi jawur. Nomau ya ɗauki kwandon ya aza a ka kamar mai tafiya ɗebo mai. Ya yi taku kaɗan, ya juya, ya watsa shi gaba ɗaya cikin wutar.

Kai, ba a taɓa jin wari irin na ranar ba. Ƙahoni suka kama fashewa suna lanƙwashewa, yaran suka yi cirko-cirko, wani ya kai hannu wuta ta kore shi. Nomau ya kwance gorar shuninsa ya ajiye a ƙasa, ya miƙa hannuwansa biyu.

“Ba wanda ya karya rantsuwa a cikinku,” ya ce. “Ba ku da abin busawa ne. Ku ɗaure ni ku kai ni fada.”

Shiru ya sauka a Gawasa har kunne yana ƙara. 'Yan Farar Riga suka tsaya da dammunan ciyawa a hannu suna jiran kiran da bai zo ba. Ɗaya bayan ɗaya suka zube a gindin katanga. Hayaƙi ya yi ta raguwa har aka ga shuɗin sama, mata suka fara leƙowa da ƙwaryar ruwa. Wutar ta tsaya a gidan maƙwabcin Inna Tabawa, ta lashe masa dangar kara ta mutu a nan.

A ƙofar fada aka durƙusar da Nomau, hannu a baya. Galadima Cindo bai ɓata lokaci ba, ya ce hukuncin a bayyane yake, a kira Hauni da takobinsa. Sarki ya kawar da kai, bai hana ba. Nomau kuwa zuciyarsa fari tas, don an gaya masa a hanya cewa jinkar uwarsa na tsaye. Hauni ya iso yana gyara ɗamara ke nan, sai ga wani mai gadin ganuwa ya faɗo fili yana haki, ko gaisuwa bai iya yi daidai ba.

“Zaki, Tsaunawa. Sun ƙetare kogi, sun cika fadamar gabas, mashi kamar karan dawa. Ashe suna cikin kurmi tun ranar kasuwa suna kallon hayaƙinmu. Da suka ga ya mutu sai suka ce gari ya gama cin kansa. Ƙofar Masaƙa suka nufo.”

Sarki ya miƙe tsaye. “Barde, tara yaranka.”

Arzika ya faɗi a gabansa, goshi a ƙasa. “Allah ya taimaki Zaki. Ko na kira su ba za su tashi ba. Tun suna yara aka rantsar da su ba su zare takobi sai da ƙaho, kuma yau sun ga abin da takobi ya yi. Muryata ba ƙaho ba ce.”

Aka dubi Galadima, ko yana da sauran magana. Ya ja da baya. Sarki ya tako da kansa har gaban ɗaurarren, abin da ba a taɓa gani ba.

“Sarkin Ƙaho, akwai sauran ƙaho a Gawasa?”

Nomau ya rufe ido. Ya san akwai, ya san inda yake rataye. Ya kuma san inda aka busa ƙaho nan hayaƙi ke tashi, kuma ganuwar da za a hau a busa ita ce wadda gidan uwarsa ya jingina da ita. Ya fitar da ita daga bakin wuta da rana, ga shi ana so ya kira wutar da bakinsa kafin la'asar.

“Akwai guda, Zaki. Amma ba zan busa shi a cikin birni ba, ba kuma a kan ganuwa ba. A buɗe mini Ƙofar Masaƙa in fita da shi. Inda na tsaya, can yaran Barde za su same ni, can za su yi hayaƙinsu, inda babu ƙofar kowa.”

“Kai kaɗai a gaban rundunar Tsauni?”

“Ƙaho ɗaya ne, baki ɗaya yake so.”

Barde ya ɗago. “Nomau, hannuwanka shuɗi ne har gwiwa, shekara da shekaru. Farin goshinka kaɗai ke raba ka da maƙiyi. In hayaƙi ya tashi dole ka matso cikinsa ka sake busa, kuma yarana ba za su gane ka ba.”

“Na sani,” in ji Nomau. “A kwance ni.”

Ya tarar da Inna Tabawa inda ya bar ta. Kumburin ya fashe da kansa, mugunya ta fita, ta ɗaure wurin da tsumma, har ta ɗauki mazarinta. Ya durƙusa ya gaya mata komai bai rage ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ya miƙo mata ƙahon da ƙwaryar ruwa.

Ta zare audugar, ta juye farar ƙasar duka a cikin ƙwarya, ta bubbuga gindin ƙahon har ƙurar ƙarshe ta faɗo. Ta kwaɓa da hannunta. Ta ce ya tuɓe rawani da riga. Ta shafe masa goshi, ta shafe fuska, ta bi wuya da ƙirji da kafaɗu, ta kama hannuwan nan masu shuni ta yi ta ɗora musu har shuɗin ya ɓace. Ta kankare ƙwaryar tas ta ƙara masa a goshi.

“Inna, ba ki rage na ƙofa ba. In iska ta juyo da hayaƙin fa?”

“Ƙofa ba ni na haife ta ba,” ta ce. “Tashi, Auta. Ka yi nisa sosai kafin ka busa, ubanka ma da ƙarfi yake busa shi.”

Aka zare sakatar Ƙofar Masaƙa, ya fita shi kaɗai, fari fat tun daga kai har kugu. A bayansa 'Yan Farar Riga sun taru a bakin ƙofar, waɗanda suka rage, Barde a gabansu, takubba a kube. Ya bi ta gonakin da aka girbe, ƙasa na ƙona masa tafin ƙafa. Ya waiwaya ya ga tsinin jinkar uwarsa ta saman ganuwa, ya ƙara gaba. Ya sake waiwayawa bai gan ta ba. A gabansa Tsaunawa sun tsaya cak, suna mamakin wannan farin abu da ya fito musu, har ya fara rarrabe fuskokinsu. Ya tsinki busasshiyar ciyawa ya saki, ya ga iska ta ɗauke ta ta yi gabas da ita, nesa da birni.

Sannan ya ɗaga tsagaggen ƙahon ubansa ya kafa a baki. Ya ji ɗanɗanon farar ƙasar uwarsa a harshe. Ya cika ƙirji ya busa, farar ƙura ta fita tare da kukan, kuma kafin numfashinsa ya ƙare ya ji ƙasa na girgiza a bayansa.